Abin da Ke Ƙarƙashin Ɗakin Balki

Tun da na dawo daga Kano ban huta da tambaya ba. In na je fanfo a tare ni, in na je gidan niƙa a tare ni, ranar kasuwar Guci kuwa har matan ƙauyuka da ban san sunansu ba sai su riƙe mini mayafi su ce wai sun ji gida ya faɗa mana. Wasu sun ji a kan maƙabarta aka yi ginin, wasu sun ce aikin aljanu ne. To, bari in faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, ni kuma a bar ni in ji da gyaɗata.

Balki ita ce autata. Shekara biyu ke nan da aka kai ta Kano gidan mijinta Sanusi, ɗan Dungas ne amma can yake ɗinki tun yana saurayi. Yaro ne mai kunya, ni ma kuma ina jin nauyinsa yadda ya kamata. Tun da aka ɗaura auren har zuwa tafiyar nan ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Da cikin Balki ya tsufa mun shirya za ta zo gida ta haihu a gabana, kamar yadda ake yi wa kowace ƴa a haihuwar fari, sai haihuwar ta riga shirin. Wata Talata ina gona ina cire ciyawa a gyaɗa, matar ɗana ta zo da salula tana haki, ta ce Balki ta sauka, namiji ne, amma ta zubar da jini da yawa, likita ya hana ta doguwar tafiya. Tunda ba za ta zo wanka ba, dole wanka ya je ya same ta.

Ni mace ce mai tsoro, ba na ɓoyewa. Rabona da Kano ya fi shekara talatin, tun lokacin da marigayi maigidana Malam Idi yake zuwa cin rani yana sayar da ruwa. Ya taɓa tafiya da ni muka yi shekara biyu cur a can. Bayan nan ban ƙara wuce Magariya ba. Na ɗaure gero da kanwa da man shanu a buhu, na kama kaji biyu, na ce da Allah na dogara.

Daga Guci zuwa Dungas a kan kabu-kabu na tafi, ga damina ta kankama. Duk inda hanya ta gangara ruwa ya kwanta. Sau uku ina sauka in tattare zani in ratsa da ƙafa, mai babur yana tura abinsa yana mita. A karo na huɗu ya ce in zauna kawai, wannan ba zurfi. Muna tsakiya ƙafar baya ta zame, muka kwanta gaba ɗaya a cikin taɓo. Ban ji ciwo ba sai gwiwa da ta ɗan kurje, amma kaza ɗaya ta kwance ta shige gonar dawa, ko gashinta ban ƙara gani ba. Na tsaya a bakin ruwan, na ce a raina in farkon tafiya ke nan, ƙarshenta fa?

A Dungas na sami mota zuwa Magariya, muka isa bayan la'asar. Gidan ƙanin maigidana Malam Habu na sauka. Da ba don mai kabu-kabun tasha ya san shi ba, da ban gane gidan ba. A sanina shi ne na ƙarshe a gari, kana fita zaure kana cikin gonarsa. Yanzu layi uku na gidaje sun wuce shi. Kafin magariba ya ce in zo in ga hatsinsa, ya kai ni sauran gonar, ya buɗa kara ya nuna mini wasu guntayen siminti da aka kakkafa a ƙasa tsakanin shuka, kowane da lamba. Ya ce an yanka wurin fili-fili, bana ce shukarsa ta ƙarshe, baɗi war haka wani yana kwana a inda muke tsaye. Ya faɗa yana dariya, amma hannunsa yana kan zangarniya bai sake ta ba.

Matarsa Hajara ta yi mini tuwon gero da miyar kuɓewa, ta zauna tana ba ni labarin Kano kamar wadda aka aiko ta kashe mini jiki. Kada in fito da salula a titi, kada in tambayi kowa hanya, kada in amsa sallamar wanda ban sani ba. Ita kanta ba ta taɓa zuwa ba, duk ji ta yi. Duk da haka na ɗauki maganarta, na ƙulle katin shaidata da ƴan kuɗina a bakin zani, ƙulli uku.

Ƙullin nan shi ya kunyata ni da safe a kan iyaka. Da muka zo Tinkim aka ce kowa ya sauko da kati a hannu. Na kama kwancewa, ƙulli ya ƙi. Na sa haƙori, ya ƙi. Duk fasinja sun wuce sun bar ni gaban wani jandarma dogo, ni kuwa na riga na ga kaina a kulle. Ya dube ni ya ce, “Inna, a hankali, ba gudu iyakar za ta yi ba.” Wata mata ce ta dawo ta kwance mini. A ɗaya gefen, a garin Babban Mutum, wani mai kaki ya buɗe buhuna ya ga kanwa, ya tambaye ni ta mece ce, na ce kunun mai jego. Ya ɗaure mini bakin buhun da kansa ya ce Allah ya raya. Nan na canza kuɗi, aka ba ni takardu masu kauri har na ji kamar na zama attajira, sai da na sayi ruwa da ƙosai na gane kaurin banza ne. Daga nan kuma magana ta fara sauyawa. Bido ya koma jarka, kabu-kabu ya koma acaɓa, in na ce likita ina nufin asibiti, su mutumin suke ji.

A mota kusa da wata ƴar Ɓaɓura na zauna, mai fataucin tabarmi, ita ce wadda ta kwance mini ƙulli. Bayan mun wuce Dambatta da ɗan nisa na fara ganin gidaje jere ba yankewa, na tattara kayana na rungume kazata na ce mun iso. Ta yi dariya ta ce in ajiye, ko ƙofar gari ba mu gani ba. Sau biyu ina sake tattarawa. Wuraren da na sani daji ne, inda muke sauka mu yi salla a gindin kuka, duk sun zama shaguna da gidajen mai. Can sai na ga hanya ta tashi sama, motoci suna bi ta kan wasu motoci, direbanmu kuma ya nufe ta ba ko rage gudu. Na rufe ido na kama hannun matar nan ina salati, ban buɗe ba sai da ta ce mun sauka.

Mijin Balki yana jirana a tasha. Ya durƙusa har ƙasa cikin cunkoson nan ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe. Ya sa ni a wata ƴar mota mai ƙafa uku, muka yi ta kutsawa har na daina sanin gabas.

Ba zan faɗi sunan unguwar ba, kada masu gidaje a can su ji haushina. Layi ne matsattse, gidajen bulo sun haɗa kafaɗa, nan da can kuma wani babban gida mai bene da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Gidan su Balki ɗaki biyu ne da tsakar gida da ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Amma nasa ne, ba haya ba. Balki tana kwance fayau da ita, ta nuna mini jaririn, ta kuma nuna mini rufi da fenti, ta ce shekara bakwai yana taka keken ɗinki kafin ya sami filin nan, bulo ɗin ma da hannunsa ya yi ta miƙa wa magina. Na yi musu addu'a da zuciya ɗaya.

Zamansu ya ba ni mamaki. Komai saye ake yi, har ruwan alwala. Da safe shayi da burodi, da rana wata taliya ta leda da ake dafawa kafin ka gama wanke hannu, ka ci kuma ka tashi kamar ba ka ci ba. A kan wata tukunyar ƙarfe mai iskar gas suke girki, ni kuwa in an kunna ta sai in koma bakin ƙofa. Abin da ya fi damuna shi ne mutane. A nan Guci in mace ta haihu ba ta rasa mai ɗebo mata ruwa har ta yi arba'in. Can ranar suna, da aka sa wa yaro Idrisa, abokan aikin uban ne suka cika layi da safe suka watse. Matar gidan da muke haɗa bango da su ta salula ta yi barka. Na tambayi Balki su waye a babban gidan da ke kallonmu, ta ce wallahi ba ta taɓa ganin fuskarsu ba, mota ce take shiga da su take fita da su.

Tun kwana na biyu na lura ƙofar ɗakin Balki tana cijewa, sai an ɗaga ta take rufuwa. Ta ce an fere ta sau biyu, damina ce take kumbura katako. Sannan in na ajiye baho da ruwa a tsakar ɗaki, ruwan ba ya zama daidai, gefe ɗaya yake taruwa. A bangon baya, bayan gado, akwai wata tsaga da aka shafe da siminti ta sake buɗewa. Ban kawo komai a raina ba tukuna.

Da na ce ni ba zan dafa ruwan wanka a kan gas ba, aka sayo mini itace, na ɗauki ƙaramar fartanya zan gyara murhu a kusurwar tsakar gida inda ba a zuba siminti ba. Tafin hannu ɗaya na yashi na haƙa, sai leda. Na ja, wata ta biyo. Na ƙara haƙawa na fito da takalmin roba, da tsumma, da fasasshiyar kwalba, ƙarƙashinsu kuma wata baƙar laka mai wari, tana tsattsafo da ruwa. Na mayar da ƙasar na rufe, na kafa duwatsuna a sama.

Washegari na fita neman ganyen dogon yaro na wanka, wanda su can suke ce wa darbejiya. Na bi layi har ƙarshe ba itace ko ɗaya. Na karya kwana ina ƙirga ƙofofi don kada in ɓace, hanya ta ɗan hau tudu, sai ga wani masallaci da bishiya ɗaya a gabansa, da tsohuwar rijiya an rufe ta da ƙarfe. Na tsaya ina kallon rijiyar. Bakinta na dutse ne, duk igiya ta ci shi ta yi masa layi-layi. Na san bakin rijiyar nan. A nan Malam Idi yake cika garwarsa.

Wata tsohuwa tana suyar ƙosai a gefe, ta ga na daskare ta ce baiwar Allah lafiya? Muryar na fara ganewa. Asabe ce, wadda muka yi haya a gidan surukarta, muka yi goyo tare. Da na ce ni ce Dije matar mai ruwa ta Damagaram, ta saki matsami ta rungume ni, muka yi kuka muka yi dariya. Da muka natsu na juya na dubi inda na fito, daga kan tudun ana ganin rufin kwano ya gangara ya taru a wani kwari kamar hatsi a cikin ƙwarya. Na ce mata, Asabe, ina kududdufi?

Kududdufin da nake tambaya ba ƙarami ba ne. Daga nan aka ɗebi ƙasar da aka gina unguwar gaba ɗaya. Ko da rani ba ya ƙafewa, da damina kuwa duk ruwan unguwa can yake gangarawa. Ina nan wata shekara saniya ta faɗa ciki ba a fito da ita da rai ba.

Asabe ta nuna mini kwarin da matsami. Ta ce shekara da shekaru ana kawo shara a tifa ana juyewa, har ya cika, aka zuba yashi a kai, dillalai suka yanka suka sayar wa baƙi waɗanda ba su san wurin ba. Ta ce tun daga lokacin ruwa ya rasa gidansa, sai ya riƙa shigowa nasu. Ta kai ni na ga gidanta, wanda a da ake hawa dakali a shiga, yanzu sai an sauka matakala biyu, don an yi ta ɗaga titi an bar shi a rami. Tsofaffin maƙwabta duk sun sayar sun koma bayan gari, saura ita da liman da wasu gida uku. Ta tambaye ni ina ƴata take, na kwatanta mata. Ta ce, “Dije, nan ne fa inda saniyar nan ta nutse.”

Ban san yadda na kawo kaina gida ba. Na bari sai da na yi wa Balki wanka ta sha kunu, na gaya mata. Ta fashe da kuka, ta ce don girman Allah kada in faɗa wa mijinta, duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin bangon nan, in ya ji daga bakina zai ɗauka raina masa gida na yi. Ko ba ta roƙe ni ba ma, da wane baki zan fara? Mutumin da ban iya kallon fuskarsa ba, in zaunar da shi in ce gidanka a kan juji yake? Sau biyu yana zuwa gaishe ni da safe ina shirya maganar a baki, in ya ce Inna ko akwai abin da ake bukata, sai in ji na ce babu.

Sai na koma gadi. Na tsinke tsinken tsintsiya na soka a tsagar bangon, ya shiga da ƙyar. Bayan ruwa biyu ya faɗo da kansa. Bayan mako ɗan yatsana yana shiga. Na ce wa Balki ɗakin baya yana da sanyi ga jariri, su dawo na gaba inda nake, ta ce ba za ta bar gadonta ta kwana a ƙasa ba. Ni da na yi shekara hamsin ina roƙon Allah ruwa, in na ga hadari ya haɗo sai in koma roƙon ya wuce. Abinci ya daina shiga. Zanin goyo kullum yana kafaɗata.

Ranar Juma'a, kwana goma sha bakwai da haihuwa, hadari ya taso daidai lokacin da maza suke tafiya masallaci. Masallacin Juma'arsu da nisa, a bakin babban titi. Mijin Balki yana fita ba da jimawa ba aka tsuge da ruwa, irin wanda ba ka jin maganar na kusa da kai saboda kwano. Na tsaya a ƙofa ina kallon layi ya zama kogi, leda da robobi suna wucewa. Na tattare buhu na toshe bakin ƙofa. Da na juyo sai na ga ruwa a tsakar ɗakin Balki, alhali ƙofa a toshe take, rufi kuma ba ya yoyo. Daga ƙasa yake fitowa, ta tsakanin siminti, baƙi, yana ƴan kumfa, da warin nan da na ji ranar da na haƙa murhu. Sai bango ya yi wata ƙara kamar an karya kara.

Na sunkuci Idrisa na goya. Na ce wa Balki ta tashi mu fita. Ta ce ina za ta cikin ruwan nan da ɗanyen jego, ba ta yi arba'in ba, maigidan kuma ba ya nan, ba ta tambaye shi ba. Ta kama salula tana kiransa, ba ta shiga. Na ce, “Ni na haife ki. In laifi ne a kaina. Ɗanki yana bayana, kuma fita zan yi da shi.” Na juya na fita ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya zan tsaya. Ina cire buhun ƙofa na ji ta a bayana ta kama mini zani.

Ruwa ya kai mana cinya. Ba ka ganin inda kwata take, ga ta kuwa a buɗe gefe da gefe. Muka tsallaka da ƙyar zuwa babban gidan nan mai bene, na yi ta dukan ƙofar ƙarfe da tafin hannu ina sallama, ina cewa mai jego ce da jariri. Ko ba kowa, ko ruwa ya hana su ji, ko sun ji ba su san mu ba, Allah ne masani. Ba a buɗe ba. Balki ta fara cewa jiri take ji. Na rataya hannunta a wuyana, na riƙa bin bango da ɗaya hannun, ina laluben ƙasa da ƙafa kafin in taka, na nufi tudun masallaci. Yaron ya yi kuka ya yi kuka ya yi shiru, shirun nan ya fi kukan tayar mini da hankali, ba kuma halin in sauke shi in duba. A kwanar ƙarshe Asabe ta hango mu daga barandar masallaci, inda ita ma ta gudo da jikokinta mata, ta shigo ruwan da tsufanta ta kama Balki. Da na kwance goyo na ga yana numfashi, sai na zauna a ƙasa.

Ba mu ji faɗuwar ba, ruwa ya rufe ƙarar. Da ya tsagaita ne muka ji ihu daga kwari. Na bar su wurin Asabe na gangara. Gida uku abin ya taɓa. Ramin bayan gida na maƙwabta ne ya fara rufzawa, ya ja bangon bayanmu, ɗakin Balki ya zauna ta baya, rufi ya sauko a kan gado. Ɗakin gaba yana tsaye. Mutane sun taru, a tsakiyarsu kuma ga mijin Balki cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya durƙusa a taɓo yana ɗaga bulo da hannu yana jifa, yana kiran sunanta. Ana riƙe shi yana fizgewa. Babu wanda ya iya ce masa mun fita, don babu wanda ya san mu balle ya lura. Na ce Malam, bai ji ba. Na ce baban Idrisa, bai ji ba. Sai na buɗe murya gaba ɗaya na ce, “Sanusi!” Ya juyo. Na ce suna masallaci, su biyun, lafiya lau. Ya dube ni ido cikin ido, hannuwansa duk jini, ya kife a wurin yana kuka.

Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Wani dattijo mai gyaran rediyo a gida na uku ne ya karye a ƙafa. Mun yi kwana huɗu a gidan maigidan da ya koya masa ɗinki, mutanen kirki, matar ta ba mu ɗakinta. Wasu ma'aikata sun zo sun zagaya layin, sun rubuta sunaye, sun shafa jan fenti a wasu bangaye sun tafi. Da likita ya duba Balki ya ce za ta iya tafiya in za a bi a hankali, na ɗauko su. Na je sallama da Asabe, ta ƙulla mini ƙosai a leda, ta ce in na sake shekara talatin ba zan tarar da ko rijiyar ba. Dawowa ba ta ba ni wahala ba, ko gadar sama ban rufe ido ba, hankalina yana kan yaro. Mun kwana biyu a Magariya Balki ta huta, daga Dungas kuma ɗana ya zo da amalanke ya ɗauke mu, na ce ni da babur sai dai a lahira.

Balki ta yi arba'in a nan makon jiya, ta yi ƙiba, Idrisa ya fara dariya. Shekaranjiya uban ya zo. Bayan ya ci abinci ya zo ƙofar ɗakina ya zauna a ƙasa, ya yi godiya mai tsawo, sannan ya ce ya kwashe ɓaraguzai, abokai sun taimaka masa ya tayar da bangon, saura rufi, yana so ya koma da iyalinsa. Na ce a wane wuri ya tayar? Ya ce a wurin.

A nan na ajiye kunya. Na gaya masa komai, kududdufi da saniya da sharar tifa da abin da fartanyata ta tono. Na ce na yi kwana goma sha biyu da maganar nan a bakina na kasa faɗa, saura kaɗan shiruna ya kashe ƴata da jikana, ba zan ƙara yin shiru ba. Ya saurare ni har na gama, kansa a ƙasa, yana wasa da wani tsinke.

Ya ce, “Inna, na sani. Tun ranar da muka haƙa tushe na sani, leda muka yi ta fitarwa har ƙugu. Duk layin nan kowa ya sani. Inda ƙasa take da kyau ba irinmu ake sayar wa ba. In na bar wurin, ina zan kai ta?”

Na ce ya dawo Dungas mana, ko Magariya. Ya ce tela nawa ne a Dungas, su wa za su ba shi ɗinki? Ya ce wannan karon ya zuba kankare da ƙarfe a tushe, mai ginin ya ce zai riƙe. Na tambaye shi shekara nawa zai riƙe. Ya ci gaba da wasa da tsinkensa, ni ma ban sake tambaya ba.

Na kira Balki na ce ga abin da mijinta ya ce, ita me ta gani? Ta ce damina ta kusa ƙarewa, kafin wata Allah zai kawo mafita, kuma ba za ta bar shi shi kaɗai ba. Abu ɗaya na roƙa, ya kuma yi mini alkawari a gaban ɗana: da zarar an yi ruwan farko baɗi, zai sa ta a mota ita da yaron su zo su taya ni shuka, ba za su koma ba sai an yanke gero.

Jibi za su tafi. Na ce wa ɗana ya raka su har Magariya, ni a ƙofar gida zan tsaya.